Gidajen Kagara na Turai: Wa Suka Tsare, Kuma Daga Wa?

Tsakanin garin Bingen da na Koblenz a ƙasar Jamus, kogin Rhine yana ratsa wani kwari mai tsawon kimanin kilomita 65, kuma a kan duwatsun da ke gaɓarsa biyu akwai gidajen kagara wajen 40, wasu a tsaye da rufinsu, wasu sun zama kufai. A zamanin da aka gina yawancinsu yankin yana tsakiyar daula ne, nesa da kan iyaka, babu wata rundunar baƙi da ake fargabar za ta ɓullo ta nan. To me ya sa aka narkar da dukiya mai yawa haka, har kusan kowace lanƙwasa ta kogin tana da nata gini? Amsar tana tsakiyar ruwan, kusa da garin Kaub, inda Sarki Ludwig na Bavaria ya kafa hasumiya a kan wani ɗan tsibiri a tsakanin 1326 da 1327, aka kuma miƙa sarƙa a kan kogin tana tare jiragen fatake har sai sun biya kuɗin fito. Fataken da ake tarewa ’yan ƙasa ne, kuma mai sarautar da ke gaba kaɗan shi ma yana jiransu da tasa sarƙar.

Mu da muka tashi muna ganin ganuwa, idan aka ce mana gini mai katanga da gwalalo, tunaninmu yakan tafi ga abin da muka sani. Ganuwar Kano, wadda littafin tarihin sarakunan birnin ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta, ta kewaye sarki da talaka, da kasuwa da rijiyoyi, har da filayen noma, domin idan yaƙi ya zo kowa ya samu mafaka. Turai ma tana da birane masu irin wannan ganuwa, kamar Ávila a Sifaniya. Gidan kagara kuwa wani abu ne dabam. Gida ne na mutum ɗaya mai mulki, a ciki yake kwana da iyalinsa, a ciki yake yanke shari’a, a ciki yake tara haraji da hatsi, kuma a ciki mahayansa masu sulke suke zaune. Katangarsa ta raba shi ne da talakawansa kafin ta raba shi da maƙiyi, kuma a ganina duk wanda bai riƙe wannan bambanci ba, zai karanta tarihin waɗannan gine-gine a baibai.

Asalinsu yana cikin rushewar mulki. Bayan rasuwar Sarki Charlemagne a 814, jikokinsa sun raba daularsa gida uku a 843, a daidai lokacin da mahara ke shigowa ta kowace fuska: ’yan Viking daga arewa ta cikin koguna, mahayan Magyar daga gabas, da jiragen da ke tasowa daga kudancin Bahar Rum. Kafin sarki ya tara runduna ya iso, mahara sun gama ɓarna sun koma. Saboda haka duk wani mai ƙarfi a gundumarsa ya fara haƙa rami yana kafa shinge, kuma mutane suka koma ƙarƙashin wanda ke kusa da su. Sarakuna sun hango inda abin zai kai tun da wuri. A shekarar 864 Sarki Charles na Faransa ta Yamma ya ba da doka a Pistres cewa duk kagarar da aka gina ba da izininsa ba a rushe ta, kuma dalilin da dokar ta bayar shi ne cewa maƙwabtan waɗannan wurare suna fama da ƙwace da takurawa daga masu su. Ke nan tun ginin yana jariri, ƙorafin da ake yi a kansa daga talakawan da ke zaune a gindinsa yake fitowa. Dokar ba ta yi wani tasiri mai ɗorewa ba, domin wanda ya ba da ita ba shi da ƙarfin zartar da ita.

Na farkon ba na dutse ba ne. Ana tara ƙasa ne ta zama tudu, a kafa hasumiyar katako a samansa, a kewaye gindinsa da gwalalo, sannan a haɗa masa fili mai shinge inda bargar dawaki da rumbuna da maƙera suke. Aikin ba ya bukatar gwanaye, yana bukatar hannuwa da yawa ne kawai, kuma manoman yankin aka tilasta su yi shi. Gina hasumiya da dutse ya fara yaɗuwa a kwarin kogin Loire a ƙarshen ƙarni na 10, inda Fulk Nerra, mai mulkin Anjou daga 987 zuwa 1040, ya riƙa kafa kagara bayan kagara, irin su Langeais, yana matsawa sannu a hankali cikin ƙasar abokin gabarsa na Blois. Dabarar mai sauƙin fahimta ce. Mahaya ashirin da ke da wurin fakewa suna iko da duk ƙasar da doki zai iya zuwa ya dawo kafin faɗuwar rana, kuma babu rundunar da za ta wuce ta bar su a bayanta ba tare da sun datse mata hanyar abinci ba. Wanda ke riƙe da irin wannan wuri, ko da a matsayin wakili aka ajiye shi, ba ya daɗewa sai ya mai da shi gado, ya fara karɓar tara, ya tilasta wa manoma su niƙa hatsinsu a maniƙarsa su biya.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Ingila. Lokacin da William na Normandy ya ci yaƙin Hastings a 1066, mutanensa ’yan dubbai ne a cikin ƙasa mai mutane fiye da miliyan, masu wani harshe dabam, kuma abin da ya ba su damar zama shi ne ɗaruruwan kagara da suka kafa cikin ’yan shekaru. Malamin tarihi Orderic Vitalis, wanda ya rubuta labarin bayan wani ƙarni bai cika ba, ya danganta kasawar Ingilawa wajen tirjiya da rashin irin waɗannan gine-gine a ƙasarsu, duk da jarumtarsu. Littafin ƙidayar dukiya da William ya sa aka yi a 1086 ya rubuta cewa a garin Lincoln kaɗai an rushe gidaje 166 domin a samu filin kagara. Farar Hasumiyar Landan, wadda aka fara wajen 1078, an dasa ta ne a kusurwar birnin inda mazauna za su riƙa ganinta kullum. Da sarauta ta yi rauni a zamanin Sarki Stephen, daga 1135 zuwa 1154, manyan ƙasar suka shiga gini ba tare da izini ba, kuma wani marubuci a gidan ibada na Peterborough ya bayyana yadda suka wahalar da talakawa da aikin tilas, sannan suka riƙa kama masu ɗan abin hannu suna azabtar da su don su fito da dukiya. Ɗaya daga cikin ayyukan farko na Henry na Biyu bayan ya hau gado shi ne rushe waɗannan kagara da karɓe wasu, sannan ya kashe fam 6,000 da ɗoriya wajen gina tasa a Dover.

Dalilin da ya sa sarakuna suke tsoron kagarar manyan ƙasarsu shi ne cewa a wancan zamani mai tsaro ya fi mai kai hari riba nesa ba kusa ba. Mai ƙawanya yana da hanyoyi kaɗan: ya hau da tsani, ya fasa katanga da majaujawar dutse, wato manjaniƙin da littattafan tarihin Musulunci ke ambata, ya haƙa rami a ƙarƙashin gini, ko ya zauna ya jira yunwa ta yi masa aiki. Kowace hanya tana cin lokaci, rundunar da ke waje kuwa tana cin kuɗi kullum, cuta kuma tana saurin shiga sansani. A Rochester a 1215, Sarki John ya sa an haƙa ƙarƙashin kusurwar babbar hasumiya, aka tokare ramin da itace, sannan ya aika a kawo masa aladu 40 masu kitse domin a rura wutar da za ta cinye itacen. Kusurwar ta faɗi, amma masu tsaron suka koma ɗaya rabin ginin suka ci gaba da tirjiya har abinci ya ƙare musu. Da aka zo gyara, sai aka gina wannan kusurwa a zagaye, domin hasumiya mai zagaye ta fi jure wa haƙa da jifa, kuma ba ta barin lungun da maharba ba sa gani. A Kenilworth a 1266 an yi kusan wata shida ana ƙawanya, kuma yunwa da ciwo ne suka buɗe ƙofa a ƙarshe.

Ƙawanyar da ta fi damuna ita ce ta Château Gaillard, wadda Sarki Richard na Ingila ya gina a kan kogin Seine daga 1196 zuwa 1198 domin tsare Normandy. Da Sarki Philip na Faransa ya kewaye ta a 1203, mutanen ƙaramin garin da ke gindinta suka gudu ciki neman mafaka. Shugaban dakarun da ke tsaron kagarar, Roger de Lacy, ya lissafa abincin da ke rumbu, ya kori waɗanda ba sa iya yaƙi. Faransawa sun bar rukunin farko sun wuce, daga baya Philip ya hana, domin yana so bakunan su koma su cinye abincin na ciki, na ciki kuma suka ƙi buɗe ƙofa. Ɗaruruwan mutane, tsofaffi da mata da yara, suka yi hunturu a kan gangaren da ke tsakanin rundunonin biyu, da yawansu suka mutu da yunwa. An ci kagarar a watan Maris na 1204. Ta fuskar dabarun yaƙi ba a zargi de Lacy da kuskure ba, domin aikin da aka ba shi shi ne ya riƙe wa sarkinsa ginin, kuma rayukan mutanen garin ba sa cikin lissafin tun farko.

Fasahar ginin ta ƙaru sosai bayan Turawa sun yi karo da gine-ginen Rumawan Gabas da na Musulmi a Sham, ko da yake masana ba su daidaita ba a kan wa ya koya daga wa, kuma mai yiwuwa kowane ɓangare ya ɗauki wani abu. Tsarin katanga biyu, ta ciki ta fi ta waje tsawo yadda maharban sama za su yi harbi ta kan na ƙasa, ya kai matuƙa a Krak des Chevaliers da ke Siriya, wadda ta kasance a hannun ƙungiyar mayaƙan Kirista ta Hospitaller daga 1142 har Sultan Baibars ya karɓe ta a 1271. Majaujawa mai aiki da nauyi, wadda ta fi tsohuwar da ake ja da igiya ƙarfi, tana cikin abubuwan da Mardi al-Tarsusi ya bayyana a littafin yaƙin da ya rubuta wa Salahuddin. A Andalus kuwa akwai abin lura. Babbar kagarar Gormaz, wadda aka gina a 965 a zamanin Halifa al-Hakam na Biyu, sansanin gwamnati ce da ke ƙarƙashin umarnin Ƙurɗuba, domin a lokacin halifanci yana da baitulmali da rundunar da yake biya. Inda hukuma ta tsakiya ke da ƙarfi, katanga takan zama ta hukuma.

Irin wannan ƙarfi ne Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya nuna a arewacin Wales bayan ya ci ƙasar a 1283. Ya ɗauko babban magini, James na St George, daga Savoy, ya sa shi gina Conwy da Harlech da Caernarfon, daga baya kuma Beaumaris a 1295, dukansu a bakin ruwa domin a iya kai musu abinci ta teku ko da ƙasar duka ta yi bore. An kwaso leburori daga gundumomin Ingila, wasu har da masu gadi a kan dawaki don kada su gudu a hanya. A wata wasiƙa ta 1296 masu kula da aikin Beaumaris sun lissafa magina 400, da leburori 2,000, da masu fasa dutse 200, da maƙera 30, da jiragen ruwa 30 masu jigilar dutse da gawayi, suna kuma kukan cewa ma’aikata na tserewa saboda ba a biya su ba. An kashe kimanin fam 80,000 a kan shirin gaba ɗaya, an ci bashi a wurin masu banki na Italiya, amma Beaumaris ba a taɓa gama ta ba. Domin a samar mata fili an tashi mutanen garin Llanfaes gaba ɗaya aka mai da su wani wuri. Ribar da sarki ya ci ita ce ƙarancin dakarun da ake bukata daga baya: mutum 28 ne suka riƙe Caernarfon a 1404 a gaban mayaƙan Owain Glyndŵr, jagoran boren mutanen Wales.

A biranen Italiya abin ya ɗauki wata siffa. Masu sarauta da attajirai suna zaune ne a cikin birni ɗaya, unguwa da unguwa, don haka kowane babban dangi ya gina doguwar hasumiya siririya kusa da gidansa, wadda yake fakewa a ciki idan faɗa ya ɓarke, kuma daga samanta yake jifan maƙwabcinsa. Hasumiyar Asinelli ta Bologna, wadda aka gina tsakanin 1109 da 1119, ta kai mita 97. Ƙaramin garin San Gimignano an ce ya taɓa samun 72, yau saura 14. Tsawo ya zama ma’aunin daraja, har hukumar garin ta hana kowa ya wuce hasumiyar majalisa. A Florence, da ’yan kasuwa da masu sana’a suka karɓi mulki a 1250, suka ba da umarnin a sare kan duk hasumiyar da ta wuce kimanin mita 29, a Roma kuwa shugaban birnin, Brancaleone, ya rushe wajen 140 a 1257. A nan masu rusawar ba sarakuna ba ne, jama’ar gari ne da suka gaji da zama a ƙarƙashin duwatsun da ake wurgowa.

Ya kamata a yi adalci a faɗi cewa yawancin waɗannan gidaje ba su taɓa ganin ƙawanya ba. Shekaru da yawa sukan wuce babu kowa a ciki sai mai gadi da ’yan barori, maigidan yana yawo tsakanin gidajensa, kuma aikin yau da kullum shi ne karɓar haya da sauraron ƙararraki. Da tafiya ta yi nisa ma, siffar kagara ta zama kayan ado na sarauta. Bodiam, wadda wani barde da ya yi arziki a yaƙin Faransa ya samu izinin ginawa a 1385, tana da hasumiyoyi da faffadan tafki, amma masana da yawa suna ganin an tsara ta ne don ta burge baƙo fiye da don ta tare runduna. Wannan bai wanke ginin daga ma’anarsa ba a idon manomi. A boren manoman Faransa na 1358, da na Jamus na 1525, gidajen kagara suna cikin abubuwan da masu boren suka ƙona.

An saba cewa igwa ce ta kashe su. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Tabbas a 1449 zuwa 1450 igogin da ’yan’uwan nan biyu, Jean da Gaspard Bureau, suka tsara wa Sarki Charles na Bakwai sun taimaka masa ya ƙwato Normandy cikin kusan shekara guda, kuma a 1453 igogin Sultan Muhammad al-Fatih sun fasa ganuwar Ƙusɗanɗiniyya. Sai dai abin tambaya shi ne wa ke iya mallakar igwa. Narkar da tagulla, da sayen albarushi, da biyan gwanaye, da ɗaruruwan dawakin da ke jan kayan, duk sun fi ƙarfin aljihun hakimi, kuma Charles ya iya su ne saboda ya riga ya samu haraji na dindindin da rundunar da ba ta watsewa bayan yaƙi. Katangar da ke jure igwa, gajera mai kauri da kusurwoyi masu tsini wadda Italiyawa suka ƙirƙiro, ita ma sai gwamnati ko babban birni ke iya biyan kuɗinta. A 1523 Franz von Sickingen, ɗaya daga cikin manyan baraden Jamus, ya fake a kagararsa ta Nanstein yana zaton za ta riƙe watanni, igogin yarimomi uku suka ragargaza ta cikin ’yan kwanaki, shi ma ya mutu da raunin da ya samu. Yarimomin sun fi shi kuɗi ne kafin su fi shi igwa.

Abin da ke ƙara tabbatar da haka shi ne yadda gwamnatoci suka ci gaba da rusa tsofaffin kagara da gangan, alhali da sun zama banza babu mai ɓata albarushi a kansu. A 1626, bisa shawarar Richelieu, babban ministan sarki, aka ba da doka a Faransa ta rushe kagarar da ba ta kan iyaka. A yaƙin basasar Ingila, kagarar Corfe ta jure ƙawanya a 1643 a ƙarƙashin Mary Bankes, matar mai kagarar, da ’yan tsirarun mutane, kuma cin amana daga ciki ne ya ba da ita a 1646, bayan haka majalisa ta sa aka fasa ta da albarushi don kada wani ya sake amfani da ita.

Inda hannun gwamnati bai kai ba kuwa, gini ya ci gaba har bayan igwa ta zama ruwan dare. A Ayalan, wata doka ta 1429 ta yi alkawarin fam 10 ga duk wanda ya gina hasumiya mai tsawon ƙafa 40 a yankin da ke ƙarƙashin Ingilawa, kuma sarakunan gargajiyar ƙasar ma suka rungumi salon, aka ci gaba da gina irin waɗannan gidaje har cikin ƙarni na 17. Fiye da 2,000 suna nan tsaye ko a rushe. A kan iyakar Ingila da Sikotilan, inda satar shanu ta zama sana’ar dangogi, ƙananan masu ƙasa sun riƙa gina hasumiyoyi masu ƙofar ƙarfe, manoma masu hali kuma suna kwana a bene, dabbobinsu na ƙasa a kulle. Abin da ya kawo ƙarshensu shi ne haɗewar sarautun biyu a hannun Sarki James a 1603, wanda ya mai da iyakar tsakiyar ƙasa, ya aika da alƙalai da dakaru, aka rataye wasu ɓarayin aka kori wasu. A 1606 majalisar sarki ta Sikotilan ta umarci a ciro ƙofofin ƙarfen da ke hasumiyoyin ƙananan masu ƙasa na yankin, a kai wa maƙera su mai da su bakin garma.